Tambaya: Ana iya gina aikin MFA, wato digiri na biyu na zane-zane, a kan yawon ƙafa cikin Zariya?

Ɗan Kwarbai

Assalamu alaikum malamaina. Na gama digirin farko a ɓangaren fenti, ina shirin neman gurbin MFA a Sashen Zane-zane na Jami'ar Ahmadu Bello. Abin da nake so in yi aiki a kai shi ne tafiyar ƙafa: in riƙa taka birnin Zariya, Tudun Wada da Sabon Gari, abin da ido da kunne da tafin ƙafa suka kwaso ya zama tushen ayyukan studiyo. Damuwata ita ce kada ranar kare furofozal, wato takardar tsarin binciken da zan gabatar wa malamai, a ce mini wannan aikin 'yan Sashen Labarin Ƙasa ne ko na masu tsara birane, ina zanen yake?

Don Allah waɗanda suka san harkar su taimaka mini da abu uku. Yaya ake tsara irin wannan bincike har kwamitin malamai ya karɓe shi a matsayin aikin studiyo? Waɗanne kayan aiki ake bukata a hanya, kuma yaya ake adana abin da aka tattaro? Sai kuma batun izini: wa ake fara gani kafin a shiga lungunan cikin birni da kyamara? Na gode, Allah ya saka da alheri.

Malam na Samaru

Wa alaikumus salam. Ana iyawa, amma tsoron naka yana kan hanya, domin yawancin furofozal irin wannan a wuri guda suke faɗuwa: ɗalibi ya rubuta cewa zai yi yawo ya nemo abin da zai burge shi, sannan ya koma studiyo ya zana. Wannan kowane mai fenti yana yi tun fil azal, ba a ba da digiri a kansa. Abin da ke mayar da tafiya hanyar bincike shi ne doka. Kai za ka kafa wa kanka ita tun kafin ka fita, ka rubuta ta a layi biyu ko uku, yadda wani zai iya karɓar takardar ya maimaita tafiyar ba tare da ya tambaye ka komai ba.

Ga irin dokokin da suka dace da Zariya. Ka bi layin ganuwa daga ƙofa zuwa ƙofa, misali daga Ƙofar Doka zuwa wadda ke biye da ita, kana tsayawa duk bayan taku 200 kana rubuta abin da ke tsaye a inda ganuwar take: ragowar tudun ƙasa ne, katangar bulo ce, shago ne, ko bola. Ko ka bi ruwa: daga indararon soro zuwa kwata, daga kwata zuwa kududdufi. Wannan ta fi burge ni, domin kududdufan cikin birni ramukan da aka haƙi ƙasar gina gidajen ne, wato kowane kududdufi inuwar unguwar da ke gefensa ce, kuma ana ta cike su ana gini a kai. Ko ka ɗauki hanya ɗaya tak wadda ba ta wuce kilomita biyu ba, ka taka ta bayan asuba, da hantsi, da bayan la'asar, cikin hunturu, bazara da damina. Zaɓi ɗaya. Idan ka haɗa ukun, shekarun karatun za su ƙare kana hanya ba ka ɗaura kyanbas ko ɗaya ba.

Haka nan batun wuri. Ka lissafa birni, Tudun Wada da Sabon Gari, to garuruwa uku ne masu tarihi daban. Birni ya girmi zuwan Turawa da ɗaruruwan shekaru, lungunansa sun bi iyakokin gidaje da zumunta. Sabon Gari ya tashi ne a gefen tashar jirgin ƙasa bayan layin dogo ya iso a 1911, titunansa a miƙe suke kamar an ja da igiya. Tudun Wada ita ma ta zamanin mulkin mallaka ce, an keɓe ta ga baƙi 'yan Arewa. Kwatanta biyu daga ciki batu ne mai kyau, misali yadda jiki ke tafiya a miƙaƙƙen titi da yadda yake tafiya a lungun da ke karyawa duk bayan taku ashirin. Ukun gaba ɗaya aikin digirin digirgir ne.

Za a tambaye ka wa ya riga ka, don haka ka tanadi amsa. A 1967 Richard Long, yana ɗalibi a Landan, ya yi ta kai da komo a wani filin ciyawa a Ingila har sawunsa ya kwantar da ciyawar ta zama layi, ya ɗauki hoton layin, hoton kuma ya shiga tarihin sassaƙa. A 1997 Francis Alÿs ya tura ƙaton dunƙulen ƙanƙara a titunan birnin Meziko sama da awa tara har ya narke. Kafin su akwai Guy Debord da abokansa a Faris cikin shekarun 1950, masu sakin jiki unguwa ta ja su inda ta ga dama, daga baya su yanyanka taswirar gari su sake jera ta yadda suka ji shi. A gida Nijeriya akwai Emeka Ogboh, wanda ya ɗauki hayaniyar tashoshin Legas da kiran kwandastocin motocin bas na danfo ya kai ɗakunan baje koli na ƙasashen waje. Kada ka jera sunayen nan kamar lissafin kayan lefe. A kan kowanne ka faɗi abu biyu: mece ce dokarsa, kuma me mai kallo ya tarar a ɗakin baje koli. Za ka ga Long hoto ya bari, Alÿs bidiyo, Debord taswira, Ogboh sauti. Kai me za ka bari? Amsar wannan ita ce furofozal ɗinka.

Kuma kana da gadon da za ka jingina da shi a cikin sashen kansa. Ƙungiyar ɗaliban zane ta Zariya da aka kafa a 1958, su Uche Okeke, Demas Nwoko, Bruce Onobrakpeya da Yusuf Grillo, hujjarsu ita ce a haɗa dabarar da aka koya a aji da fasahar gida. Mafi yawansu sun koma ne ga al'adun garuruwansu na Kudu. Kai kana iya cewa za ka yi wannan haɗin da garin da makarantar take zaune a cikinsa. Sai ka nemi binciken Friedrich Schwerdtfeger kan gidajen birnin Zariya da adon bangonsu. Hotunansa za su ba ka ma'auni na abin da ya rage da abin da siminti ya cinye.

Rabon lokaci: kashi ɗaya hanya, kashi biyu studiyo. Duk tafiya ɗaya, kafin kwana uku ta haifar da wani abu da hannu ya yi, ko da gwaje-gwaje biyar ne a kan takarda. Ɗaliban da ke tara tafiye-tafiye su ce sai sun gama tattara bayanai za su fara fenti, su ne ke zuwa zangon ƙarshe da hotuna dubu uku da bango fayau. A babi na uku na rahoton, inda ake bayanin hanyar bincike, ka rubuta dokar tafiyar, yawan maimaitawa, da matakan da abu ke bi daga titi zuwa aikin da aka rataye. Mai jarrabawa daga waje nan yake fara buɗewa, kuma abin da yake nema shi ne ya ɗauki fenti ɗaya ya bi sawunsa baya har zuwa ranar da wurin da aka samo shi.

Mai Rikoda

Malam ya gama da tsari, ni bari in taɓa kayan aiki, don nan ake asarar wahala.

Sawun tafiya: wayarka ta isa. Sauke manhajar taswira mai suna OsmAnd, ka sauke taswirar yankin tun kana da intanet, ka sa ta riƙa ɗaukar matsayi duk daƙiƙa 5, ta adana a fayil ɗin GPX, wato fayil ɗin da ke riƙe sawun hanya. Abu biyu ke lalata shi. Na farko, wayoyin Android da yawa suna kashe manhaja da zarar allo ya mutu don tattalin batir, sai ka dawo ka tarar da miƙaƙƙen layi daga inda ka fara zuwa inda ka tsaya, duk karye-karyen lungu sun ɓace. Shiga saitin batir ka cire manhajar daga jerin waɗanda ake kashewa, ka gwada da zagaya gidanku kafin ranar aiki. Na biyu, a fili kuskuren GPS na waya mita uku zuwa biyar ne, amma a lungu mai dogayen katangu da rufin kwano yana iya ninkawa, sai layin ya nuna ka ratsa tsakar gidan mutane. Kada ka goge wannan. Ka riƙe danyen fayil yadda yake, ka yi gyara a kan kwafi cikin QGIS, manhajar aikin taswira a kwamfuta, wadda kyauta ce. Kuma duk mararrabar da ka karya, ka yi ɗan zane a littafi da kibiya, domin lunguna da yawa na cikin birni ba su fito a taswirar intanet ba, zanenka ne kawai shaida.

Sauti: makirfon waya yana matse ƙara yana danne na nesa, ba zai ba ka zurfin unguwa ba. Ƙaramar rikoda irin Zoom H1n ta wadatar. A saitin ingancin sauti, sa ta a WAV, 48 kHz, 24 bit. Awa ɗaya tana cin kusan gigabait ɗaya, don haka kati mai 32 zai kai ka. Daidaita ƙarfin ɗauka yadda ƙara mafi girma ba za ta wuce -12 dB a ma'aunin da ke fuskar rikodar ba, ka kashe daidaitawa ta atomatik, in ba haka ba duk babur ɗin da ya wuce sai sautin ya nutse ya sake tasowa. Soson da ake rufe makirfon rikoda da shi ba ya tare iskar hunturu, sai ka sa mata rigar gashi. Kada ka ɗauka kana tafiya da ita a hannu, motsin yatsu da takunka za su rufe komai. Tsaya, jingina, ka bari ta yi minti uku cur ba ka motsa ba, da abin ji a kunne. Minti ukun nan yana da tsawo fiye da yadda kake zato, amma a cikinsa ne za ka ji abin da ke ƙarƙashin hayaniya: injin markaɗe a gida na uku, bugun masu bugu, ƙarar jarkokin 'yan garuwa a kan kura, karatun allo daga wani zaure. A farkon kowace ɗauka ka faɗi kwanan wata, lokaci da wuri da bakinka.

Kafin ka fita, ɗauki hoton agogon wayar da kyamarar da za ka yi aiki da ita. Da wannan hoto za ka gane tazarar agogunan biyu, ka iya ɗora kowane hoto a daidai wurinsa a kan sawu.

Littafi: mai bango mai tauri, girman A5, da fensir 2B. Biro yana daskarewa da ƙura, tawada kuma gumi na watsa ta. Shafin hagu na zane, na dama na lokaci, wari, zafi, irin ƙasar da ke ƙarƙashin takalmi.

Ka lissafa lokaci da gaskiya. Mutum yana cin kilomita huɗu zuwa biyar a awa in tafiya kawai yake, amma da tsaye-tsaye da gaishe-gaishe, kilomita biyu sai ta ci maka awa biyu ko fiye. A watan Maris da Afrilu duk abin da ya wuce ƙarfe goma na safe azaba ce gare ka da batir. A Agusta ka sa komai cikin leda mai zif.

Da ka dawo, a ranar, ka juye komai cikin jaka ɗaya mai suna da shekara, wata, rana da hanya, kamar 2025-01-14-Doka. Kwafi biyu, ɗaya ba a cikin kwamfutar ba. Hunturu kuma kada ka canza gilashin kyamara a waje.

Hajiya Mai Zane

Ɗan Kwarbai, sannu da ƙoƙari. Ina da ja a kan abu ɗaya cikin misalan da Malam ya kawo, ba don ba su da amfani ba. Duk waɗancan Turawan sun yi aikinsu ne a wuraren da mutum zai yi yawo yini guda ba wanda ya ce masa daga ina. Cikin birnin Zariya babu wannan. Ka shiga lungu da littafi kana kallon katangar mutane kana rubutu, kafin ka kai ƙarshensa an san da kai, an kuma yanke hukuncin ko kai ma'aikacin haraji ne, ko ɗan leƙen asiri, ko wanda gwamnati ta turo auna gidajen da za a rushe. Saboda haka salon sakin jiki gari ya ja ka ba zai yi aiki a nan yadda yake a takarda ba. Ka rubuta wannan a furofozal ɗin ƙarara, domin shi ne sabon abin da kake kawowa: a nan mai tafiya abin kallo ne shi ma, kuma gaisuwa tana cikin hanyar bincike. Ka ƙirga ta. Sau nawa aka tsayar da kai, a ina, me aka tambaye ka. Taswirar wuraren da aka ce maka "Malam, lafiya?" za ta fi taswirar GPS faɗin gaskiyar unguwa.

Izini kuwa daga sama yake saukowa. Karɓi takardar gabatarwa daga sashe, mai hatimi, da sunanka da lambar ɗalibta da bayanin aikin a jimla biyu. Yi mata fassarar Hausa a baya. Kai ta ofishin hakimin yankin, daga nan a haɗa ka da masu unguwannin da hanyarka ta ratsa. Kada ka tsallake mai unguwa don kana da takardar sama. Shi ne za a kira in magana ta tashi. Roƙe shi ya haɗa ka da wani saurayi ɗan unguwar da zai raka ka tafiya biyu ko uku na farko, ka kuma sa ɗan abin hasafinsa cikin kasafin kuɗinka. Tafiyar farko kada ka fito da kyamara sam. Ka gaida dattawan da ke kan dakali, ka faɗi ko kai ɗan gidan wane ne in ɗan gari ne kai, ka nuna littafin zanen. Mutane sun fi sakin jiki da zane a kan hoto, don suna ganin abin da ka ɗauka nan take.

Iyakarka zaure. Namiji baligi ba ya wuce nan, kuma ko ƙofar gida a buɗe take kada ka saita kyamara ta hango tsakar gida. Wannan yana nufin rabin birnin a rufe yake gare ka, domin mata suna da nasu hanyoyin, gida zuwa gida, da nasu lokutan fita, musamman bayan magariba zuwa unguwa ko barka ko gaisuwar rasuwa. Ko dai ka amsa a rubuce cewa aikinka birnin maza ne a waje, ko ka haɗa kai da ɗaliba mace ta taka nata ɓangaren, ku sa sunanta a matsayin abokiyar aiki. Kada ka yi shiru a kai, za a tambaya.

Fuskar mutum da muryarsa ba naka ba ne. Tun 2023 akwai dokar kare bayanan jama'a a ƙasar nan, kuma ko babu ita, kwamitin ɗa'ar bincike zai nemi shaidar amincewa. Wanda ba ya son sa hannu a takarda, ɗauki amincewarsa da murya. Yara da almajirai, sai da yardar iyaye ko malaminsu, kuma ni shawarata ka bar fuskokinsu gaba ɗaya.

Wuraren da ba a ɗaga kyamara: Depot, wato sansanin horar da kuratan soja, da Makarantar Soja, barikin Basawa, Kwalejin Koyon Tuƙin Jirgin Sama da ke Palladan, ofisoshin 'yan sanda da shingayen bincike. Ƙaramin jirgi mara matuƙi kuma yana bukatar lasisin hukuma, ka cire shi daga lissafi. Fada da harabar Masallacin Juma'a, ka nemi izini daban. Masallacin nan da Babban Gwani Muhammadu Durugu ya gina a shekarun 1830 wani sashensa ya rufta a watan Agustan 2023 aka rasa rayuka, saboda haka wuri ne da mutane ke da rauni a zuciya game da shi, ka je masa da ladabi.

Ɗan Kwarbai

Allah ya ƙara ilimi, na ƙaru ƙwarai. Na karkata ga bin ruwa, daga indararo zuwa kududdufi, a unguwa biyu na cikin birni. Tunanina in riƙa ɗebo ƙasa daga kowane zango in yi launi da ita, in kuma kwafi fuskar bango ta hanyar shafa gawayi a kan takarda. Akwai wanda ya san yadda ake haɗa launin ƙasa ya zauna bai zube ba?

Magini

Akwai. Cokali huɗu zuwa biyar na ƙasa daga kowane wuri ya isa, a ƙulla a leda a rubuta lambar zango a jiki nan take. Daga ƙasa za ka ɗiba, ko daga abin da ya riga ya zubo gindin bango. Kada ka kankare katangar mutane, kada kuma ka taɓa ganuwa. Masu ɗibar ƙasar gini sun riga sun yi mata illar da ta isa.

Shanya ta kwana biyu a inuwa, tsince tsakuwa da tsinke, daka a ƙaramin turmi, tankaɗe da rariya. Zuba garin cikin kwalba, ƙasa kashi ɗaya ruwa kashi biyar, girgiza sosai, ajiye daƙiƙa talatin zuwa minti ɗaya. Yashi zai kwanta, launin yana sama cikin ruwa. Tsiyaye wannan ruwan cikin wata kwalba, bar shi ya kwana, zubar da garau ɗin da ya taso, shanya lakar a faranti. Ita ce launinka. Wanda ya tsallake wannan mataki fentinsa zai yi ƙuraje, ya kuma cinye gashin buroshi.

Abin ɗaurewa ƙaro ne, ana samunsa a kasuwa wajen masu kayan tawadar allo. Zaɓi fari mai haske. Ƙaro kashi ɗaya, ruwan ɗumi kashi biyu, ya kwana ya narke, a tace da ƙyalle. A kowane cokali goma na ruwan ƙaro sa cokali ɗaya na zuma, ita ke hana shi tsagewa, da ɗigo biyu na man kanumfari don kada ya yi tsami. Da hunturu ƙara zuma kaɗan, da damina rage, in ba haka ba fentin zai yi danƙo ya yi funfuna. Kwaɓa launi da ruwan ƙaro kusan daidai wa daida a kan gilashi mai kauri, ka murza da gindin kwalba minti goma har ka daina jin ƙaras-ƙaras. Gwaji: shafa a takarda, in ya bushe goga yatsa. Ya biyo yatsa, ƙaro ya yi kaɗan. Ya yi ƙyalli yana fashewa, ya yi yawa. Wannan haɗin na takarda ne. A kan babban kyanbas da za a naɗe, ƙaro zai ɓare, sai dai ka kwaɓa da ruwan akirilik mara launi. Ka sani shi yana duhunta ƙasa, jar ƙasa ta koma kamar jiƙaƙƙiya, don haka yi jadawalin gwaji na kowace ƙasa da kowane abin ɗaurewa ka ajiye, zai shiga rahotonka.

Gargaɗi a kan bakin kududdufi da kwata: abin da ke kwance a nan ba ƙasa kaɗai ba ce, akwai bahaya, baƙin mai da ruwan batir. Sa safar hannu, sa takunkumi lokacin daka, kuma ka gasa samfurin a tsohuwar tukunyar da ba za a ƙara girki da ita ba kafin ka fara aiki da shi. Gashin yana kashe wari da ƙwayoyin cuta, amma wuta mai yawa tana juya rawayar ƙasa ta koma ja, saboda haka a yi shi sama-sama. Kuma kada ka yi mamaki in launukan zango goma suka fito kusan iri ɗaya, ja-ja da ruwan toka. Bambancin yana fitowa ne in an jera su gefe da gefe a faffaɗan fili, ba a ɗigo ba.

Shafen bango: nemi izinin mai gida tukuna. Takarda mara kauri, manne ta da tef ɗin takarda a kusurwa huɗu, ka shafa da gefen sandar girafait, irin abin da ke cikin fensir, a kwance. Gawayi yana ba da baƙi mai kyau amma yana gogewa kafin ka isa gida sai an fesa masa abin kamawa. Bangon siminti mai zanen dagi da aka tsaga yana fitowa tsaf. Bangon da aka yi wa yaɓen makuba yana ba da sawun tafin hannun magini, wanda ya fi komai kyau, amma tsohon yaɓe yana marmashewa da ɗan dannawa, musamman bayan damina. In ka ɗora tafin hannu ka ji yana amsa kamar akwai rami a ciki, bar shi, ɗauki hoto da hasken safiya da ke zuwa daga gefe.

Malam na Samaru

Hajiya ta yi gaskiya a kan gaisuwa, ka sa ta cikin manufofin binciken. Abin da zan ƙara a kan zaɓinka: bin ruwa yana bukatar damina biyu in so samu ne, ta farko ta gwaji, ta biyu ta aiki, don haka ka fara tafiyar gwaji tun kafin a amince da furofozal, ka shiga ɗakin karewa da jadawalin launukan ƙasa a hannu da shafen bango uku ko huɗu. Kwamiti ya fi yarda da abin da ya taɓa.

Ranar baje koli kuma kada ka lulluɓe bango da taswirori da hotunan hanya, nan ne za a ce maka aikin Labarin Ƙasa ne. Manyan ayyukan su ci bango. Littattafan hanya, kwalaben ƙasa masu lamba da taswira ɗaya tak su zauna a tebur guda a gefe. In za ka sa sauti, lasifika biyu a ɓoye da ƙara ƙasa-ƙasa, ka tanadi batir mai ɗaukar awa uku saboda wuta, ka kuma gwada shi a ɗakin kwana ɗaya kafin ranar, domin ɗakin siminti mara labule yana mayar da amo har kiran salla da injin markaɗe su cakuɗe. Masu unguwannin da suka ba ka izini a kai musu katin gayyata da hannu, mako guda kafin buɗewa.